Sukurun Ciki na Keken Auta

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shago mai ƙofar kwano, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, kuma shekara arba'in da ɗaya mutum ɗaya ne yake buɗe shi. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Kunne yake ce masa, masu ladabi su ce Baba Kunne. Sana'arsa gyaran keke, kuma bai iya hawan keke ba.

Wannan ba asiri ba ne. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya saci hawan keken yayansa, ya gangara da shi cikin kwata, ya fito babu haƙori ɗaya, ya kuma yanke hukuncin da bai taɓa sakewa ba. Tun daga ranar ya san abin da keke zai iya yi wa ɗan Adam, shi ya sa ya zama mai gyara na ƙwarai. Wasu suna ɗaure noti ne don a ce sun ɗaure. Shi kuwa yana ɗaurewa yana hango mai keken a gadon asibiti, dangi sun kewaye shi suna tambayar wa ya taɓa keken na ƙarshe.

Tsoronsa bai tsaya a keke ba. Yana tsoron tsani, yana tsoron karen maƙwabta, yana tsoron wayar wuta ko da an ɗauke wutar. Matarsa ta ce tun da ta aure shi bai taɓa ƙetare titi ba sai ya duba sau uku, har da titin da aka rufe ana gyara.

Sunan Kunne kuwa ya samo shi ne lokacin da kekunan hawan dutse suka shigo gari, masu taya mai kauri da giya barkatai. Sauran masu gyara suka sami hanya mai sauƙi: su cire kayan giyar, su rage sarƙa, su ce wa mai keke ya gode Allah. Shi ya rufe shago kwana uku da keke ɗaya, ya fito ya gane abin.

A tayar baya akwai faifai tara masu haƙora, a jere daga ƙarami zuwa babba. Babban shi ne na ciki, dab da wayoyin taya, kuma shi ake hawan tudu da shi. A ƙarƙashinsu wani hannun ƙarfe yana rataye, shi ke tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan idan an ja kebul. Kebul ya saki, sarƙa ta yi nawar hawa. Ya yi tsauri, ta ƙi sauka. Sai wasu sukurori biyu ƙanana da ke yi wa hannun iyaka, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki.

"Na waje in ka yi kuskure," yakan ce wa masu jira a benci, "sarƙa ta faɗo, mutum ya ɓata hannunsa da baƙin mai, ya zage ka. Na ciki in ka yi kuskure, sarƙa ta shige cikin wayoyin taya, tayar ta tsaya cak. Wannan ba zagi, sai dai ka je gidansu gaisuwa."

Yadda yake aiki shi ne ya rataye keken da igiya daga ƙarfen rufi, ya rufe ido, ya riƙa juya feda da hannu. Zai matse sukurun har sarƙa ta fara ƙorafi, sannan ya sassauta kaɗan-kaɗan har ta yi shiru. Nan yake tsayawa. Ba ya buƙatar gwadawa a titi. Mutane suna zuwa daga wasu unguwanni don kawai su ga dattijo ya rufe ido yana sauraron ƙarfe.

Shekara biyu da suka wuce ya lura tsuntsayen da ke kan wayar tasha sun daina kuka. Bayan haka butar shayi ta daina fito. Ya ɗauka garin ne ya fara natsuwa, har ya yaba. Ranar da ya ga sifana ta faɗi a kan siminti ba ta ce komai ba, ya zauna a benci ya daɗe.

Bai gaya wa kowa ba. Asibiti yana cikin abubuwan da yake tsoro, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne ranar da za a ce Kunne ba ya ji. Murya mai kauri yana kamawa in mai maganar yana fuskantarsa, sauran ya koyi karanta su a leɓe. Abin da ya kuɓuce masa kuma sai ya ce, "Haka ne." Ya taɓa faɗa wa wani mutum haka ne, alhali mutumin lokaci ya tambaya. Giya kuwa ya ci gaba da gyarawa da ido da ƙiyasi, amma yana rufe idon na ɗan lokaci, tunda abin da aka zo gani ke nan. Kekunan cikin gari ba sa tona asiri. Titi a shimfiɗe yake, ba mai shiga babban faifai.

Mutum ɗaya ce take shiga babban faifai: autarsa.

A gida Auta ake ce mata, a gari Mai Allura. Tana aiki a ƙaramin asibiti, kuma kowace Talata da Alhamis takan ɗaura farin akwatin sanyi a kariyar keke ta hau ƙauyukan kan dutse don yi wa jarirai rigakafi. Bayan gadar katako babur ba ya wucewa. Daga nan hanya siririya ce, tudu zalla, kuma akwai wata lanƙwasa da faɗinta bai fi tabarma ba, dutse a hagu, rami a dama. Kunne bai taɓa ganin wurin ba, amma ya fi masu bin hanyar saninsa.

Wata Alhamis da safe ta turo keken har cikin shago, akwatin yana ɗaure.

"Baba, giyar baya tana min tsalle. Jiya iska ta kayar da shi a jikin bangon asibiti."

Ya dubi bakinta. "Ta wane gefe?"

"Gefen sarƙa."

"Dama. Keke bai taɓa faɗuwa ta gefen da ba komai ba."

"Ka taimaka da sauri, Baba, ƙanƙarar akwatin nan ba ta jira."

Ta sauke akwatin, ta fita ƙofa tana amsa waya. Ya rataye keken, ya tsuguna a bayansa ya rufe ido ɗaya. Maratayin hannun giya, ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a jikin keke, ya ɗan lanƙwashe ciki. Ya miƙe shi da hannu a hankali. Ya juya feda, ya ƙara wa kebul ƙarfi da kwatan juyi, ya sake ƙarawa. Sarƙa ta bi faifai takwas lafiya, ta zo na tara ta tsaya tana shawara.

Ya sa sukundireba a sukurun ciki, ya rufe ido. Ya sassauta rabin juyi. Shiru. Ya ƙara rabi. Shiru, irin shirun da komai yake yi masa yanzu. Ya buɗe ido ya ga sarƙa ta hau babban faifai tana zagaye abinta.

Akwai gwajin da ake yi a nan. Ana sa babban yatsa a danna hannun giyar zuwa ciki da ƙarfi, a ga ko zai wuce iyaka. Shekara da shekaru Kunne yana cewa wannan gwajin na waɗanda Allah bai ba kunne ba ne. Kuma ga Tela tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, maƙwabcinsa na shekara talatin, mutumin da ba ya mantuwa kuma ba ya shiru. Kunne ya kwance igiya, bai yi gwajin ba.

"An gama?" in ji Auta.

"An gama. Allah ya tsare. Ki sauka a lanƙwasar nan ki tura."

"Kullum sai ka faɗa."

"Kullum ba kya ji."

Ta yi dariya ta hau. Ya bi ta da kallo har ta sha kwanar tudun bayan tasha.

Ya yi facin taya ɗaya, ya fara na biyu, sai Tela ya dawo ya jingina da ƙofa.

"Kunne, wai sabon salo ka fito da shi ne? Keken Auta da ka sallama, da ta kama tudun can sai ƙil-ƙil-ƙil yake yi, kamar cokali a kofi. Ko ƙararrawa ka sa mata kyauta?"

"Haka ne," in ji Kunne.

Ya ci gaba da goga tayar da fayil. Sai maganar, wadda ya gani a leɓe bai tsaya ya fahimta ba, ta iso inda za ta iso. Fayil ɗin ya faɗi.

"Me ka ce? Dube ni ka faɗa."

"Na ce ƙil-ƙil-ƙil. Lafiya kake?"

Abu ɗaya ne a jikin keke yake wannan ƙara a tudu: hannun giya yana shafar wayoyin taya. Iyakar ciki a buɗe take. A igiya ba nauyi, sarƙa za ta zauna lafiya. Amma a tudu mai tsanani, in ta miƙe tsaye ta danna feda da ƙarfinta duka, sarƙa za ta tsallake babban faifai. Kuma ya san inda ake miƙewa tsaye a hanyar nan.

"Kira ta," ya ce. "Kira ta yanzu."

Tela ya kira sau uku. Ba ta shiga. Bayan gada ba a samun waya.

"Fito da babur ɗinka."

"Kai? A babur? Kunne, yau wace rana ce?"

"Tela, don girman Allah."

Tela ya dubi fuskarsa, ya ajiye kofin a kan benci bai ƙara wasa ba.

Tafiyar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Kunne ya rungume Tela ta baya kamar mai hana shi faɗa, ya cusa fuska a bayansa. Tela yana ta ihu, ga alama yana neman a bar masa haƙarƙarinsa ya yi numfashi, amma iska ta kwashe maganar, kuma ko ba iska ma sakamakon ɗaya ne. A bakin gada suka tsaya. Katako shida ne a jere, ruwa yana gudu a ƙasa. Tela ya nuna gwiwarsa mai ciwo, ya nuna tudun, ya girgiza kai. Kunne ya durƙusa ya ƙetare gadar da rarrafe, sukundireba da sifana suna dukan cinyarsa a aljihu.

Ya kama tudu. Shekararsa sittin da uku, kuma tudu mafi girma da ya saba hawa shi ne dakalin shagonsa. Sawun tayarta yana nan a ƙasa, miƙe, tsaf. Ya riƙa bin sa da ido yana roƙon kada ya karkace. Numfashinsa yana yi masa ƙara a cikin kai, ita kaɗai ce ƙarar da bai rasa ba. Sau biyu ya tsaya ya dafa dutse, sau biyu ya tuna rabin juyi na biyu, ya ci gaba.

Sawun ya karkace taku goma kafin lanƙwasar. Ƙasa ta goge dogon layi inda taya ta ja. Keken yana kwance a tsakiyar hanya, sarƙa ta cusa kanta tsakanin babban faifai da wayoyin taya. Igiyar kariya ta kwance. Ba akwati, ba Auta.

"Auta!"

Ya tsaya. Sai a nan ya gane abin da ya jawo wa kansa. Ko tana amsawa daga cikin ramin nan, ko tana kuka, ko tana kiran Baba, shi dai shirun nan zai ji. Ba shi da hanyar bambanta yarinyar da ke amsawa da wadda ba za ta ƙara amsawa ba.

"Auta! Auta!"

Ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki zuwa bakin ramin, ya leƙa. Duwatsu, ƙayoyi, wani farin abu can ƙasa da zai iya zama leda, zai iya zama akwati. Idonsa ya cika da ruwa har farin abin ya zama biyu. Ya sake kira, muryar ta fashe.

Hannu ya dafa kafaɗarsa.

Tana tsaye a kansa da ƙafa ɗaya, wandonta ya yage a gwiwa, jini ya gangaro har idon sawu. A bayanta, cikin inuwar wani dutse da ya wuce ta gabansa a guje, farin akwatin yana zaune lafiya lau. Ta faɗi ne ta gefen dutse. Bambancin bai wuce inda nauyinta ya karkata ba.

Ya ja da baya daga bakin ramin, ya zauna a ƙasa. Ta tsuguna a gabansa tana kallonsa irin kallon da take yi wa marasa lafiya.

"Baba, sau biyar na amsa. Ina nan bayanka."

Ya dubi keken.

Ta matsa gefensa, inda ba ya ganin bakinta. Ya ji ɗumin numfashinta a kunnensa, ya san tana magana. Ta dawo gabansa.

"Me na ce?"

Ya girgiza kai.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Mama ta sani?"

"Ta ce na zama mai haƙuri."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta duba gwiwarta, ta ɗago.

"Na ji ƙarar, Baba. Tun daga tudun tasha nake jin ta. A shagonka na girma, na san ta. Sai na ce ai Baba ne ya gyara, kunnena ne yake min gizo."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, baƙin mai ya shafe masa goshi.

Ta ba shi lokaci kaɗan, sannan ta janye hannun.

"Tashi. Mata goma sha bakwai suna jira na da jarirai, wasu tun da sassafe suka taso. In na tura da ƙafa, awa uku ne, allurar nan ta lalace."

"Ba za ki sake hawa keken nan ba."

"To wa zai gyara? Akwai wani mai gyara a kan dutsen nan?"

"Ba na ji, Auta."

"Ni ina ji. Kai kuma kana da hannu."

Ya ciro sarƙar daga inda ta maƙale, gaɓa-gaɓa, yana duba kowace. Ba wadda ta murɗe. Wayoyin taya uku sun kankare, ɗaya ta lanƙwashe, ya latsa su ɗaya bayan ɗaya, za su kai ta su dawo da ita. Maratayin ya sake karkata. Ya kama shi da sifana ya miƙe shi kamar mai ɗorin ƙashin jariri, don ƙarfen nan in aka matsa masa karyewa yake yi. Ba igiya, ba rufi. Auta ta ɗaga bayan keken ta sirdi, ta tsaya inda zai ga bakinta.

Ya matse sukurun ciki juyi ɗaya da rabi, ya juya feda. Sarƙa ta ƙi hawa babban faifai.

"Tana gurnani," in ji ta.

Ya sassauta kwata.

"Har yanzu."

Ya ƙara ɗan kaɗan, bai kai kwata ba. Sarƙa ta hau.

"Ya ragu. Saura ɗan ƙis-ƙis."

"Daga sama ko daga ƙasa?"

Ta sunkuyar da kai. "Daga sama. Kamar tana son saukowa."

"Wannan kebul ne, ba sukuru ba."

Ya juya abin ƙara ƙarfin kebul kwata ɗaya. Ya dubi bakinta. Ta saurara, ta saurara, sannan leɓenta suka ce, "Shiru."

Bai yarda ba. Ya sa babban yatsa a jikin hannun giyar ya danna ciki da duk ƙarfin da ya rage masa, yana juya feda. Hannun ya tsaya a iyakarsa. Ya sake dannawa har farcensa ya yi fari. Ya sauke sarƙar zuwa ƙaramin faifai ya dawo da ita sau uku, ya sake dannawa.

"Baba, hannuna zai cire."

Ya duba birki gaba da baya, ya ɗaure akwatin da kansa, ya yi ƙulli biyu. Ta wanke gwiwar da ruwan gorarta ta naɗe.

"Ki tura a lanƙwasar," ya ce.

"Da wannan ƙafar turawa ta fi hawa haɗari. Ranar Asabar zan kai ka a duba kunnen nan. Kuma kai za ka gaya wa Mama, ba ni ba."

Ta hau. Taku goma ɗin ba su da yawa. Ya ga bayanta ya ɗago daga sirdi, ta miƙe tsaye a kan feda, keken ya karkata hagu, ya karkata dama, ta gefen ramin. Idonsa yana kan sarƙar. Tana kan babban faifai. Tana kai. Sai dutsen ya rufe su.

Daga inda yake hanyar tana sake bayyana can sama, tsakanin wasu bishiyoyi biyu. Ya kafa wa wurin ido. Ba abin da zai gaya masa komai kafin nan, ko ƙara ko ihu. Ya ƙirga har sittin, ya rikice, ya soma daga farko. A talatin da huɗu farin akwati ya fito tsakanin bishiyoyin, yana hawa a hankali. Ta ɗaga hannu ɗaya ba ta waiwayo ba. Ya so ya yi mata tsawa ta mayar da hannun kan keke.

Sai la'asar Auta za ta sauko, kuma ta nan za ta biyo. Ya dubi hanyar gida, ya dubi lanƙwasar. Ya nemi dutse mai inuwa, nesa da bakin ramin gwargwadon yadda hanya ta bari, ya zauna ya ɗora sukundireba a cinya. Can ƙasa Tela yana tsaye a bakin gada yana ɗaga hannu biyu sama, da alama yana da tambayoyi.